Miyok Ɗin da Aka Kakkarya

Surukata Ha-yun ta sauka lafiya! Mace ce, kukanta har ƙofar asibiti ana ji. To, yanzu na gaishe ku, 'ya'yana. Ni ne mahaifinku Ma Dok-chil, da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau. Likita ya ce zuciyata ta gaji, da wuya in ga girbin baɗi. Ban damu ba, na ga jika. Ga abin da na bari.

Na ɗaya. Jirgin ruwa da igiyoyin da muke noman miyok a teku, wato ganyen ruwan nan da ake yin miya da shi, na Yong-pal ne, tunda shi ya zauna a tsibiri. Yong-pal, kai ba ka karanta labarin gaskiya, ba ka karanta na ƙarya, sai na iska da ruwan sama. Ka riƙa buɗe kunne. Da aka yi wa sana'arka ƙage, kai ne na ƙarshen ji.

Na biyu. Gida na Mal-sun da ƙaninta Gi-tae ne, ba a rabawa, ba a sayarwa. Na san ba kwa magana da juna. Shi ya sa.

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada nan gaba kowa ya ba jaririyar nasa labarin. Da cikin Ha-yun matar Gi-tae ya tsufa, na zaɓi miyok mafi tsawo, na shanya, na aika musu a miƙe. Kun san na maijego ba a naɗe shi, ba a karya shi, don kada naƙuda ta yi wuya. Sai wani saƙo ya shigo wayar Mal-sun, wai miyok ɗin bana da guba, yana ƙafar da nono. Ba sunan likita, ba sunan gari, sai jan rubutu da "tura wa wanda kake ƙauna". Ta tura a zauren waya na gidanmu, ta hau mota ta je gidan Gi-tae, ta kakkarya miyok ɗin ta zuba a shara. Gi-tae kuma ya rubuta mata "jahila" a gaban kowa. Ta fice daga zauren.

Na uku. Mal-sun, tun kina ƙarama ko ƙofa ta yi ƙara sai kin duba kowa. Masu irin wannan saƙo mai tausayi suke nema, sun san ba zai iya riƙe tsoro shi kaɗai ba. Sai da na yi furfura na shiga makarantar yamma, kuma malamarmu kullum takan ce duk rubutun da ya ce maka yi sauri, a nan za ka zauna. Na bar miki rediyona. Ki riƙa jin labarai safe da yamma daga bakin mutanen da ke faɗin sunansu. In saƙo ya tayar miki da hankali, ki ɗora shinkafa, sai ta nuna sannan ki kira Yong-pal ki tambaya.

Na huɗu. Gi-tae, kana karanta jarida uku kafin ka karya kumallo, kuma gaskiyarka ce, miyok ɗin lafiya lau yake. Amma da uwarku ta rasu, wannan da ka zaga ita ta bar makaranta ta goya ka. Tunda ka kunyata ta ba ta daina karanta saƙonnin ba, sai dai yanzu ba mai gyara mata. Na bar maka littattafaina na makarantar yamma. Ka duba yadda malama take gyara kuskure, ba ta taɓa sa na ji ƙanƙanci ba.

Na biyar, wannan ba sai na mutu ba. Akwai wani miyok a saman rufin ɗakina, a miƙe, ba ko tsaga. Ina so Gi-tae ya ɗauko shi da hannu biyu ya kai wa yayarsa, ya ce, "Yaya, dafa mana." Mal-sun ta dafa, ta fara kurɓa a gaban kowa, sannan ta miƙa wa maijego. Ha-yun ce ta roƙi haka, ta ce ba ta son miyar kowa sai ta wadda ta raini mijinta.

Na sa muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ku riƙe juna, kada wani da ba ku san fuskarsa ba ya raba ku.

Jaririyar kuwa kunnuwan Mal-sun ta kwaso, manya, a buɗe. Kada ku yarda da ni, kada ku yarda da hoto. Jirgin safe yana nan, ku zo duka ku gani da idonku.