Sunan Tela a Jerin Wakilai

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Injiniya da yaran duka. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa sanyin can bai tayar miki da ita ba, ya ƙara miki sauƙi. Mu nan muna lafiya, gwargwadon lafiyar da ake samu a gidan da aka yi rashi. Inna tana nan, jinin ya sauka, sai dai kullum sai an yi daru kafin ta haɗiye magani. Babbar 'yata ta koma makaranta, ƙaramar kuma ta fara koyon saka a wurin maƙwabciyarmu. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Na zaɓi takarda ne saboda in na ɗauki waya kuka yake riga magana fitowa, abin da zan gaya miki kuwa yana so a bi shi daki-daki.

Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana Tela, amma har yau zama bai kama ni ba. Da safe in buɗe shagonsa, in share, in goge keken ɗinkin, in rufe, in dawo gida, kafin azahar sai in ga ƙafata ta sake mai da ni can ban san abin da na je yi ba. Almakashinsa yana nan inda ya ajiye, da rabin allin da yake zana yadi da shi. Akwai wata riga da ya yanka bai haɗa ba, mai ita ya zo sau biyu, na kasa ba shi, na kasa kai wa wani telan.

To, Yaya, maganar Autanmu ce ta sa na zauna rubutu. Na san kin ji a labarai cewa bai ci zaɓen fid da gwani na jam'iyya ba, ba shi za a tsayar takarar shugaban ƙasa ba. Abin da labarai ba su gaya miki ba shi ne, bayan ranar nan kwana tara Auta bai tako gidana ba, bai ɗaga wayata ba, kuma ni ce sanadi. Gara ki ji daga bakina kafin a kawo miki shi da gishiri.

Ke kin daɗe da barin gida, bari in fara miki daga tushe. Wannan zaɓen ba jama'a ke yin sa ba. Wakilai ne, mutanen da jam'iyya ta rubuta sunayensu a jeri, kowa da katinsa mai hoto, su kaɗai ke shiga zauren su jefa ƙuri'a. Auta kuwa shekara ashirin yana asibiti yana aikin likita, bara ne kawai ya yanki katin jam'iyya. Shi ya sa suka laƙaba masa ɗan haya, su kuma masu gida. Abin yana yi masa ciwo, amma Tela dariya yake yi, yana cewa ai ɗan haya shi ya fi kowa sanin inda rufi ke yoyo. Shi Tela shekara talatin yana cikinsu. Daga ɗinka musu tutoci ya fara har ya zama wakili, ba tsohon da bai taɓa auna wa wuya ba. Shi ne ya kama hannun Auta ya shiga da shi ɗakunan da ba a shiga sai da ɗan gida.

Da Tela ya tafi, ƙofofin nan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. In Auta ya shiga kasuwa sai an tsayar da ciniki ana tafi, mata suna ɗaga masa yaran da ya yi wa magani, amma masu tafin nan ko ɗaya ba shi da kati. Ya kama zaure don ya gana da wakilai, ya jera kujeru, ashe a ranar an kwashe su zuwa wani taro da ba a gaya masa ba, ya ƙare da yi wa masu shara da mutum bakwai jawabi. Ya nemi a ba shi jerin sunayen wakilai kamar yadda aka ba sauran 'yan takara, sati uku ana ce masa mai makullin ofis ya fita. Akwai wani dattijo da ya zauna ya saurare shi awa guda yana bayanin yadda za a gyara asibitoci, da ya gama sai dattijon ya ce duk ya ji, amma shi tambayarsa ɗaya ce, wa ya kawo shi. A wurinsu ba a tambayar me za ka yi, sai wa ya kawo ka. Wanda ya kawo shi kuwa yana kabari.

Saura kwana shida a yi zaɓen, sai ga shugaban masu yi wa Auta kamfe, wanda muke kira Mai Jaka don ba a taɓa ganinsa ba jaka a hammata ba. Ya zauna a kan bencin shago, ya yi mini gaisuwa ta biyu, ya yabi marigayi har na yi hawaye. Sannan ya ce sunan Tela yana nan a jeri ba a soke ba, kuma ya san katin yana hannuna. Ya ce hoton ya koɗe, ga Direba, ƙanen Tela, kamar an tsaga kara, in ya sa hula da tabarau irin na yayansa ba mai ɗaga kai ya duba sau biyu. Na ce masa ai wannan ƙarya ce da sunan mamaci. Ya ce in daina kallonsa haka, in ɗauka wasiyya ce zan cika, don duk duniya ta san wanda Tela zai zaɓa da yana raye. Ya ƙara da cewa ɗaya ɓangaren, wato masu hamayya da Auta, matattunsu da ke jeri sun fi ashirin, kuma duk za su tashi ranar su yi layi. Na tambaye shi ko Auta ya sani, ya ce ba a damun Likita da ƙananan abubuwa.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, maganar ta shige ni. Gaskiya ne, Tela Auta zai zaɓa, har ranar da aka kwantar da shi yana tambayar yadda kamfe ke tafiya. Kwana biyu ina ɗauko katin daga aljihun keken in mayar. In ce ƙanena ne, ni na goye shi, mun haƙura da karatu don shi ya yi, ƙuri'a ɗaya ce zan hana shi? In kuma tuna mutumin da ko ƙyallen da ya ragu sai ya naɗe ya mayar wa mai yadi, yau a ce shi za a sa ya yi sata yana kwance ba ya iya cewa a'a.

Na ce bari in je in ji daga bakin Auta. Ofishinsa ɗaki uku ne a saman wani kantin magani, matattakala ƙunci, mutane cike har baranda. Na yi awa biyu kafin a shigar da ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, waya biyu a gabansa kowace tana kuka. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tambayi Inna. Na ce masa Mai Jaka ya zo wurina a kan katin Tela. Ina kallon fuskarsa, Yaya. Bai tambaye ni wane kati ba, bai tambaye ni me aka ce ba. Ya sunkuyar da kai kan waya ya ce za mu yi magana in ya samu sarari. Ke kin san shi tun yana yaro, in ya fasa abu haka yake yi, ya kama wani aiki da sauri.

Daga nan ban koma gida ba. Takardar asibiti ta shaidar rasuwa tana jakata, na wuce ofishin jam'iyya na samu Sakatare. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, ya ce Tela ne ya ɗinka masa rigar da ke jikinsa. Na miƙa masa takardar na ce a soke sunan. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce jerin ya riga ya tafi sama, ba mai ƙara harafi ko ragewa sai bayan zaɓe. Na ce to ai katin yana hannuna, ba mai amfani da shi. Sai ya yi wani murmushi ya ce kati ba abin damuwa ba ne, duk wakilin da nasa ya ɓata ana buga masa sabo. A nan na gane cewa riƙe katin da nake yi ba ya tsare komai.

Ranar zaɓe da sassafe na tafi, ban gaya wa kowa ba. A ƙofar zauren an kafa rumfuna, kowane yanki da teburinsa, ana kiran suna da lasifika, mutum ya amsa, ya nuna kati, a ɗaura masa wani abu a hannu ya shiga. Na tsaya a bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita, kusa da teburin yankinmu, rana tana dukana har ta kai tsaka. A zuciyata ina cewa ɗaya ɓangaren ne za su turo wani, ina shirya abin da zan faɗa masa. Sai aka kira sunan Tela, cikakke, har da na mahaifinsa. Tun da aka fita da shi ban ji an ɗaga murya da sunan nan ba, na ƙanƙame igiya. Sai na ji an amsa. Na ɗaga kai, ga hula, ga tabarau, ga tafiyar nan ta ɗan karkata kafaɗa. Na rantse miki na ɗan lokaci na zaci shi ne. Direba ne, da sabon kati a hannu.

Ban yi ihu ba, ban zage shi ba. Gaishe shi kawai na yi yadda na saba, na kira shi da sunansa na yanka, na tambaye shi ya jikin matarsa. Sannan na miƙa wa matar da ke kan tebur takardar asibiti ta saman igiya. Ta karanta, ta dube shi, ta dube ni. Direba ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi, ya juya ya fita ta cikin mutane. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma mutanen ɗaya ɓangaren suna wurin, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, kafin la'asar magana ta cika zauren cewa ɗan haya mai wa'azin gaskiya ya zo da gawa ta zaɓe shi. Nasu matattun kuwa sun shiga lafiya lau, don matansu ba su zo ba.

Auta ya zo na huɗu cikin mutum biyar. Tazarar tana da yawa, ƙuri'ar Tela ba za ta rufe ta ba ko an ninka ta sau ɗari. Amma Mai Jaka yana yawo yana cewa akwai wakilan da suka yi niyya, abin da na yi ne ya ba su hujjar janyewa. Ban san gaskiyarsa ba, kuma rashin sanin ne ke hana ni zama. Matar Direba ta daina amsa gaisuwata. Inna ta ce naka naka ne ko ya ci namanka, kuma ba a tona asirin gida a kasuwa. Na ce mata ni ma na gida nake karewa. Har yau dai ba ta ce na yi daidai ba.

Jiya da hantsi ina shara a shago sai inuwa ta rufe ƙofa. Auta ne, shi kaɗai, ba mota ba mutane. Ya ƙi zama. Ya ce ya sani, bai ce a yi ba, bai kuma ce a bari ba, kuma kwana taran nan ba fushi ne ya hana shi zuwa ba, kunya ce. Ya ce shekara guda yana gaya wa mutane shi daban ne, sati guda kawai aka matse shi ya zama irinsu. Na so in ce masa ba komai, bakina ya ƙi, don akwai komai. Ruwa na ɗebo masa ya sha a tsaye. Sannan ya ce ba zai bar jam'iyyar ba, zai koma taron unguwa ya zauna a bencin baya yadda Tela ya fara, ko shekara nawa za ta ɗauka. Ya roƙe ni in ba shi katin da takardar asibiti, shi da kansa zai kai ofis, zai zauna a gaban Sakatare har sai ya ga an ja layi a kan sunan. Na daɗe a tsaye, Yaya, don in aka soke sunan nan ba sauran inda za a sake kiransa. Na buɗe aljihun keken na ɗauko na sa masa a hannu.

Abin da nake roƙonki, ki kira shi, amma kada ki yi masa faɗa, wanda ya yi wa kansa ya isa. Ki kuma kira Inna ki lallashe ta, ke take ji. Direba kuwa ni zan je gidansa da ƙafata, don shi ma aikensa aka yi.

Ki gaishe mini da Injiniya, ki ce na gode da addu'o'insa. Ki gaida Babban Yaya da amaryarsa, da 'Yar Baba, da takwarata mai surutu, ki ce mata ina jiran hoton da ta yi alkawari. Inna da 'yan matana suna gaishe ku. Ki ci gaba da sa Tela a addu'a, Allah ya haskaka makwancinsa, mu kuma ya ba mu haƙurin zama.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, matar Tela