Bidiyon Ranar Alhamis

Eivind, abokin aikina,

Barka da hutun ƙarshen mako. Ga wasiƙa a akwatinka na ɗakin malamai, ka san ni da takarda. Na gode da Alhamis shida da ka zauna da ni bayan an tashi. Shekara talatin ina koyar da zamantakewa da alli, sai ga allon lantarki ya mai da ni 'yar aji ɗaya! Jiya ni kaɗai na buɗe wa yara taswirar zaɓe a kansa. Bidiyon da ka ɗauke ni ranar farko don in ga kurakuraina, wanda na yi kuka a ciki, don Allah ka goge shi kamar yadda ka yi alkawari. Kuɗin kofin da za mu sha ran Juma'a a wuyana.

Taka,
Torunn

Eivind,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Gunvor, tsohuwar ɗalibata da ke koyarwa a tsallaken ruwa, ta tare ni a kanti: "Torunn, mun gan ki a taron horar da malamai!" Wane taro? Ashe mutum tamanin suka zauna suna kallona a bidiyon nan ina zungurin allo da yatsa, ina share majina da hannun riga. Har dariya aka yi. Haba, Eivind! A gabanka kaɗai na yarda na zama jahila. Wallahi ka ci amanata, kuma ya yi mini ciwo.

Torunn

Torunn tawa,

Gaisuwa mai yawa. Don Allah ki huce! Minti biyu ne fa kacal, kuma na nuna yadda kika ƙware daga baya, aka yi ta tafi. Malamai tara masu tsoron allon sun rubuta sunansu nan take don su koya. Na san in na tambaye ki za ki ƙi, shi ya sa. Sai Alhamis?

Naki,
Eivind

Eivind,

Gaisuwa. Yau na koyar da 'yan aji tara haƙƙin mutum a kan hotonsa. Ni na kunna allon, ni na sa bidiyon, Gunvor ce ta turo mini. Ba wanda ya yi dariya. Suka ce, "Wa ya yi miki haka?" Ban faɗi sunanka ba, tunda ban tambaye ka ba.

Alhamis ina da uzuri. Duk Alhamis.

Ka huta lafiya,
Torunn