Rimot na Uku

Ya ke sanyin idona, inuwata a tsakar rana, gwanar da hannunta bai taɓa rawa a kan dalma ba!

Kin tuna ranar da muka zauna zaɓen inkoda, ɗan aisin da ke aika lambar sirri, don rimot ɗin ƙofar shagonmu? Ƙananan aisi biyu a tafin hannunki, baƙaƙe kamar ƙwaro. Kika ce mu ɗauki mai sauya lambar sirri duk dannawa, don ba ya kwafuwa. Ni kuwa, wawan masoyi, na kafe a kan mai lamba ɗaya tak, wai don ƙaunata ba ta sauyawa. Har kika yi dariya kika ce, "Injiniya, so ya cinye maka lissafi." Amma kika bi zaɓina. Cikin ƙafafunsa takwas na adireshi, masu tsayar da lambar, kika liƙe ta biyu, ta biyar da ta bakwai da dalma, kika yi wa dikodan ƙofa mai karɓar lambar haka nan. Rimot biyu muka haɗa, naki da nawa.

Jiya da hantsi dillalin da ke kawo mana kaya ya miƙo mini rimot, wai ya daina aiki, in duba masa. Na buɗe. Biyu, biyar, bakwai! Ga kuma ɗan tsinin nan da kike bari a kan kowane liƙi, wanda zan gane ko cikin dubu. Na sa masa sabon batir, na danna, ƙofarmu ta ɗaga a gabana, dillalin ko kunya babu.

Haba, rabin raina! Ashe ranakun da kike tura ni gyaran ƙofofin mutane, tamu wani take buɗe wa? Da ƙarfen liƙin da na saya miki kika yi? Wallahi kin cuce ni, kin ƙona ni inda ba ya liƙuwa. Ba kwafa aka yi ba balle in zargi aisi. Ke kika zauna kika ba shi da hannunki. Lefen da yayata ta gama haɗawa fa, me zan ce mata?

Na sayo mai sauya lambar, wancan da kika so tun farko. Aikin minti goma ne in canza, rimot ɗinki ya mutu tare da nasa. Sau uku ina zafafa ƙarfe ina kashewa.

Ki zo ki faɗa mini da bakinki. Ki danna kawai, ƙofar za ta buɗe.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
mai lamba ɗaya.