Ƙofar Kaka da Hannun Yaya

Zuwa ga Kawu,

Ka taɓa jin ƙarar ƙashin hannun mutum lokacin da yake karyewa? Ni na ji, a tsakar gidan da aka haife ka. Amma kada a ce ba ni da tarbiyya: assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa kasuwa. Goggo ta tashi daga zazzaɓin nan, 'yar Yaya ma ta fara tafiya. Inna ce dai ba ta iya juya wuya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kai ka aiko cewa wani dillali zai zo ya ɗauki ƙofar da Kaka ya sassaƙa da hannunsa, mai tsuntsaye da ƙadangaru, don ka haɗa ta da tsofaffin kujeru da tukwanen da kake tarawa daga ƙasashe. Inna ba ta musa ba, tunda ƙanenta ne ya roƙa. Sai dai ta ce abin kunya ne kayan ubanta su shiga ƙasar mutane da dauɗa. Ta dirje ƙofar da soso da sabulu, ta kankare baƙin da hannaye suka bari a wajen mariƙi, ta sa Yaya ya shafe ta da shuɗin fenti. Har tana dariya, wai ƙofa ta koma budurwa. Wa ya gaya mata dauɗar ce masu saye suke nema? Ni kaina sai da na koma na karanta littafin hotunan da ka taɓa aiko mana na gane, bayan aikin gama ya gama.

Dillalin ya zo da ƙarti biyu da ƙarfen ɓalle ƙusa. Yana ganin fenti ya hau zagi, ya kira yayarka jahilar tsohuwa, wai ta kashe masa kaya. Ta matso za ta ba shi haƙuri, ya hankaɗa ta, ƙeyarta ta daki bakin rijiya. Yaya ya taso daga kan keken ɗinkinsa ya shaƙe dillalin, ya sa masa goshi a baki har haƙori ya faɗo. Ƙartin suka danne Yaya, suka ɗora hannunsa na dama a kan dokin ƙofa, ɗaya ya sauke masa ƙarfen. Hannun tela, Kawu. Ni na kafa wa ɗayan haƙora a kunne ban saki ba sai da aka buga mini guntun bulo a ka. Da na farfaɗo, jinina da na Inna sun haɗe a ƙasa, ƙofar kuma sun tafi da ita, duk da fentin.

Mugu shi ya san makwancin mugu: dillalin ya riga mu zuwa wurin 'yan sanda. Yanzu Yaya yana tsare, hannu ya kumbura ya yi baƙi, an hana mu kai shi asibiti. Dillalin yana rantsuwa cewa kai ka sayar masa da ƙofar, ka kuma ce idan tsohuwar ta kawo gardama a nuna mata ƙarfi. Sufeto ya ce maganar wanda ya yi aike kaɗai za ta fitar da Yaya. Mun kira ka har mun gaji, kullum sai a ce kana wurin baje koli. Inna tana kwance tana kare ka, wai ƙila ba ka ji ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka take faɗa. To, na ɗanta yana ruɓewa.

Ka gaida Anti da 'Yan Biyu. Goggo da matar Yaya suna gaisuwa, Inna ma ta ce lallai in sa tata.

Ba na son amsa a ɓoye. Zan tara dangi da maƙwabta a gaban Sufeto, in sake kiran ka, in buɗe muryar waya kowa ya ji. Ka faɗa da bakinka: dillalin ƙarya yake yi, ko kai ka ce a taɓa yayarka?

Ni ne ɗan yayarka,
ƙanen wanda ke tsare.