A Dawo Mani da Inna Hure Taron Ƙungiya

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ma'aikata Masu Kula da Tsofaffi, shiyyar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran manyan ƙungiya. Ni ce Hajiya Rabi, tsohuwar ungozoma, mutuniyar Tafoki, yanzu ina zaune a Faskari. Ka san ni. Ni ce ta bencin baya mai ce maka angona duk sanda ka zo wucewa, kai kuma ka ce ka fasa auren tunda amarya ba ta da haƙora. Sa'an jikana ne kai, sai ka yi haƙuri da bakina. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Na so in yi maganar nan a taro, aka ce mani lokaci ya ƙure, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ina so ka san wadda kuka ajiye. Inna Hure Bafillatana ce, rugarsu na kusa da Damari. Tare muka shiga ƙungiyar nan lokacin da kuka buɗe wa ungozomomi ƙofa, don kun ga a ƙauye mu ne ke yi wa tsohuwar da ta kwanta wanka, mu juya ta, mu ba ta kunu. Ita ta koya wa ma'aikatanku yadda ake lallashin tsohon Bafillace ya sha magani, mutumin da ko ciwo zai kashe shi ba zai ce yana jin zafi ba. Tunda hanya ta lalace, ba mai barin tsohuwa ta shiga motar haya daga Sabuwa. Motar ƙungiya kaɗai ke haɗa ni da ita.

Na biyu, abin da ya faru a taron Ƙanƙara. Baƙinku sun zo daga Katsina su ga yadda membobi ke sa baki a harkar ƙungiya. Suka ce a daina zama layi-layi, a jera bencuna a kewaye kowa ya kalli kowa, wai hakan ya fi kawo zumunci. To, ranka ya daɗe, Malam Sani, sakataren reshen Sabuwa, ɗiyar Inna Hure yake aure. Da can yana gaba ya ba ta baya, tana can ƙarshe kusa da ni, kowa na shan iska. Ranar nan sai kuka dasa shi a gabanta, gwiwa na kallon gwiwa. Baiwar Allah ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka kawo shinkafa, ba ta taɓa ba. Wace Bafillatana ce za ta buɗe baki ta tauna abinci a gaban surukinta? Aka miƙa mata abin magana aka ce ta faɗi sunanta da sunan sakataren reshensu, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Shi kuma gogan ya manna waya a kunne ya fice, wayar da ko ƙara ba ta yi ba. Na yi dariya har ɗankwalina ya zame, don ban san abin zai zama hukunci ba.

Bayan taron sai kuka ce akwai membobin da ba su da sha'awa, gara a ba wasu gurbinsu a mota. Inna Hure ce ta fara sauka. Malam Sani yana wurin da aka yanke maganar, bai ce uffan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yaya zai kare matar da ko sunanta ba ya iya kamawa?

Na uku, ranar al'adu. Ita kuka sa ta ɗauki ƙwarya a ka, kuka yi ta hoto, har yau hoton na jikin bangon ofishinku. Kunyar nan da ta yi ma ai al'ada ce, ta ma girmi ƙwaryar. Kuna son al'adar da za a ɗora a ka a yi murmushi, amma wadda ta hana mutum magana kun kira ta rashin sha'awa. Da kun tambayi kowace tsohuwa a ɗakin nan, da ta gaya maku kafin shinkafar ta huce.

Na huɗu, ni kaina. Mai gidana ya rasu, sa'o'ina na Tafoki sun watse, wasu Funtuwa, wasu kabari. A gidan ɗana ba a rage ni da komai ba, amma kowa da aikinsa, in na ɗauko labari sai in ga idanu sun koma kan waya. Inna Hure ce ke sauraron ƙaryata har ƙarshe, sannan ta ce Kaɗo bai iya ƙarya ba, ta ɗora tata. Yanzu ina zuwa taro in zauna, a yi ta jawabi kan kaɗaicin tsofaffi, ni kuwa gefena ba kowa sai jakata.

Ga roƙona. A mayar mata da gurbinta a mota. A zaunar da ita inda ba za ta ga surukinta ba, ko shi a juya shi ya kalli bango, ba zai ƙi ba. Kafin a sake yanke wa wani memba hukuncin shiru, a tambayi mutanen garinsu dalili. Kuma a aika wani ya gaya mata gaskiya, don wata mai kawo nono kasuwa ta shaida mani har yanzu ba wanda ya faɗa mata an cire ta. Duk ranar taro sai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zauna a bakin hanya har rana ta take. Tana cewa motar ce ta lalace.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a. Allah ya kai ka shekarunmu da lafiya, kuma in ka kai, ya bar maka wanda za ka zauna kusa da shi.

Wassalam.

Hajiya Rabi Ungozoma,
Faskari.