Ledar da Aka Ƙona Mini Ranar Tsaftar Muhalli

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyyar Sinadarai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya da iyali. Ni ce ɗalibarka ta digiri na biyu, malamar sakandare a Tudun Wada, wadda ma'aikatanka suka laƙaba wa Hajiya Mai Leda. Sunan bai dame ni ba. Shirun da aka yi wa takarduna biyu ne ya sa na fito fili.

1. Aikina shi ne samar da girafin daga leda. Nakan narkar da ita a sinadari, in shafa ta siriri ƙwarai a kan fallen tagulla, in sa a murhun lantarki da aka zuƙe wa iska. In zafi ya kai, sauran abubuwan su tashi, kabon, wato sinadarin gawayi, ya shimfiɗu falle ɗaya tak, shi ne girafin ɗin. Ido ba ya ganinsa, amma yana ɗaukar wutar lantarki sosai.

2. Ledar ba ta kanti ba ce. Matan unguwarmu a Badafi ne suka tsince ta a gonaki bayan girbi, inda awakinmu ke haɗiye ta su mutu. Muka wanke, muka shanya, na ware ta iri-iri a buhuna. Na daɗe tagulla tana yi mini baƙi ƙirin, sai daga baya buhu ɗaya ya ba da alamar girafin. Malamin da ke duba aikina ya gani a na'ura.

3. Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, ranar tsaftar muhalli, masu shara suka ga buhunan a bayan ɗakin gwaji, suka cinna musu wuta. Litinin toka na tarar. Na zauna a dakali na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Hutun karatuna zai ƙare a ƙarshen zangon nan, in ban maimaita gwajin ba, aji zan koma hannu wofi.

Ranka ya daɗe, don Allah kada a hukunta masu shara. Ni ma in na ga leda a buhu, shara zan ce. Rashin wurin ajiya ne ya jawo, kuma shi na roƙa tun farko. Ina neman kabad mai makulli, da kwana uku a mako a kan murhu, da takardarka ta neman a ƙara mini zango ɗaya.

Ban karaya ba. Shekaranjiya ina zazzage jakata na ci karo da ɗan ƙullin leda daga buhun nan mai kyau, ya kwanta kusa da daddawar da Inna ta ba ni. Zai isa gwaji biyu. Murhu kawai yake jira, makullin murhun kuwa yana hannunka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama da sashen nan lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Hajiya Mai Leda, Badafi