Matan da Aka Karanta Wa

Assalamu alaikum Inna, bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki.

Ina so in ba ki labarin ranar da aikina ya juya. Kin tafi ina amarya, ba ki san na koma karatu ba. Bincike nake a kan matan Faskari da littattafan soyayya. E, waɗannan dai da kike ƙwacewa idan tuwo ya kama.

Na zaga Mairuwa da Yankara da 'yar rikoda, mata suka yi mini hira har suka gaji. Maigidana ya sa mini wata manhaja a kwamfuta. Aikinta kamar faifai ne: ki zuba magana a ciki, ki ware kowane zance, ki shafa masa launinsa. Wata ranar Laraba malamata ta ce in zuba rubuce-rubucen masana a ciki su ma, kowanne da sunan marubucinsa da shekararsa, su zauna kusa da hirarrakin.

Na zuba. Na ba kalmar "mai karatu" launin kore, na bi ta takarda bayan takarda. Inna, a duk rubuce-rubucen masanan da na tara, mai karatu mace ce ita kaɗai a ɗaki da littafi a hannu. Da na danna koren, sai na ga rabin matan da na yi hira da su babu su. Su cewa suke, "an karanta mana."

Nan na tuna ki. Ranar kasuwar Yankara a kawo mini littafin haya, ke da Gwaggo Lami kuna ɓarar gyaɗa, ni ina karantawa. Ba ki san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ke ce mai tsayar da ni: "Koma baya, wannan yaron ƙarya yake mata." Idan an yage shafin ƙarshe, ke kike ƙarasa mana, kuma naki ya fi daɗi.

Malamata ta faɗa mini gaskiya, ba ta ɓoye ba. In na bi ma'anar masanan, zan cire masu saurare in gama bana. In na bar su, sai na sake neman wasu littattafan, na sake ware komai daga farko, shekara ta wuce ni. Muryar Gwaggo Lami tana cikin waɗanda za a cire.

Ban ji tsoro ba, Inna. Na san abin da na gani a tsakar gidanmu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sada mu a Aljanna.

Na buɗe sabon launi, ruwan goro irin na mayafinki, na sa masa suna "waɗanda aka karanta wa". Ba zan cire kowa ba. Baɗi zan gama.

Ɗiyarki,
Hadiza